Yadda ake gano inda gejin mai ya lalace a tsohuwar Land Cruiser da ire-irenta

A cikin gari, gejin mai ya yi ƙarya abin haushi ne kawai, tunda gidan mai ba ya nisa kuma ba a rasa mai jarka a bakin titi. Ga wanda ya ɗauki hanyar Agadas zuwa Dirku kuwa, ko mai hawan tsaunin Mambila da damina, allurar nan ce ke gaya masa ya ci gaba ko ya juya. Motocin da ke wannan aiki, Land Cruiser 70 da aka fara ƙerawa a 1984, da 80 ta 1990 zuwa 1997, da tsofaffin Hilux da Patrol da Pajero, galibinsu sun haura shekara 25, kuma geji na cikin abubuwan da ke fara sanyi a jikinsu.

Abin da aka saba shi ne a kai wa riwaya, ya ce fulota ce, a sayo. In ba ta gyaru ba ya ce ai mitar dashbod ce, a sake zuwa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko Fanteka. Sau da yawa bayan duk wannan sai a tarar tsatsa ce ta ci kan wata 'yar waya a bayan tanki. Kada ka sayi komai sai ka auna. Abubuwa huɗu ne kacal a wannan layi, kuma akwai wuri ɗaya da za ka tsaya ka raba su gida biyu.

Abin da ke motsa allurar

Cikin tanki akwai fulota a bakin wani siririn hannu na ƙarfe, irin ƙwallon da ke rufe ruwa a tankin gida idan ya cika. Mai ya hau ta hau, ya sauka ta sauka. A gindin hannun akwai ɗan harshe da ke goga wani faifai mai turjiya wa lantarki, kuma yawan turjiyar, wadda ake aunawa da om, yana canzawa da tsayin mai. Waya ɗaya ce ke kai wannan labari dashbod, wata kuma tana mayar da wuta jikin bodi. Fulota da faifanta, wayar sigina, wayar bodi, sai gejin kansa. Shi ke nan.

Lambobin su ne gishirin aikin. A Land Cruiser 80 da Toyota da yawa na zamaninta, cikakken tanki yana ba da kusan om 3, rabi kusan 32, wayam kusan 110. Tsofaffin 40 da 60 suna wajen 17 a cike, 40 a rabi, 120 a wayam. Ke nan a waɗannan motoci ƙarancin turjiya yana nufin mai ya cika. Idan waya ta tsinke allura za ta kwanta a E, idan ta goge ta taɓa bodi za ta maƙale a F. Tsofaffin motocin GM na Amurka akasin haka suke, 0 a wayam, 90 a cike. Haka gejin VDO na Turai, 10 a wayam, 180 a cike. Ka san gidan da motarka take kafin ka fassara komai, in ba haka ba za ka karanta kowace alama a baibai.

Kaya da kiyaye rai

Kana buƙatar mitar awon lantarki, ko da mai araha ce, da doguwar waya mai maƙali a bakinta biyu, da ƙaramin ƙwan fitilar dashbod mai wat 3 ko kusa da haka, da samfefa mai laushi, sufana, sukudireba, da sabuwar robar bakin fulota. In za ka samu, je wurin masu gyaran rediyo ka sayi resista, wato ɗan abin da ke turjiya wa lantarki daidai wani awo, guda uku: om 3.3, om 33 da om 110. Kuɗinsu bai kai na lita ɗaya ba. Wasu Land Cruiser masu dizal bolt 24 suke amfani da shi ba 12 ba, sai ka duba ƙwan da za ka saya ya dace.

Tankin fetur da ya kusa ƙarewa ya fi cikakke haɗari, domin tururin ne ke kamawa. Yi aikin a fili inda iska ke wucewa, nesa da mai walda, mai shayi da mai sigari. Duk lokacin da za ka buɗe bakin tanki, cire kan batir na nagetif tukuna, kuma a samu abin kashe gobara ko bokitin yashi a kusa. Dizal ba ya saurin kamawa kamar fetur, amma wannan ba lasisin sakaci ba ne.

Mataki na farko: saurari irin ƙaryar da yake yi

Ajiye motar a wuri mai daidai, ka kunna makulli, ka ba allura minti biyu zuwa uku. Toyota na sa wani mai kauri a cikin gejin don kada allura ta riƙa rawa a gargada, saboda haka jinkirin tashi ba lalacewa ba ne. A wasu ma allurar tana tsayawa inda take bayan an kashe mota, haka aka yi ta.

Allurar da ba ta barin E ko an cika tanki tana nuna tsinkewar waya, ko fiyus, ko fulotar da ta nutse. Wadda ta maƙale a F, waya ce ta taɓa bodi ko hannun fulota ya sarƙe a sama. Wadda ba ta kaiwa F sai ta tsaya wajen kashi uku cikin huɗu, fara zargin tsatsa. Wadda ke tafiya lafiya har zuwa wani wuri, ta faɗi E farat ɗaya, ta dawo bayan an faɗa rami, faifan ne ya cinye a daidai wurin. Idan kuwa allura na motsi duk lokacin da ka kunna manyan fitilu ko ka taka birki, kusan tabbas wayar bodi ce da suke tarayya a kai ta yi sanyi.

Lura da fitilar gargaɗin ƙarewar mai. A yawancin motocin nan tana da nata ɗan na'urar daban a jikin fulota. In geji na nuna rabi fitilar kuma ta kama, yarda da fitilar.

Mataki na biyu: fiyus da maƙwabtan geji

Nemi fiyus ɗin da aka rubuta wa GAUGE ka gwada shi da mita, kada ka dogara da ido. Idan shi ne ya ƙone, ba gejin mai kaɗai zai mutu ba, na zafi da wasu fitilun gargaɗi za su bi shi.

Akwai abin da masu tsofaffin motoci ya kamata su sani a nan. A Land Cruiser 40 da 60, cikin gejin mai akwai ɗan abin da ke rage wuta zuwa kusan bolt 7, kuma shi ke ciyar da gejin zafi. A Land Rover Series III irin wannan abu yana bayan mitar gudu, yana ba da bolt 10. Idan bakinsa ya maƙale, allurar mai da ta zafi za su tashi sama tare. Direba ya tsorata ya ce inji ya yi zafi, a kwance radiyeta a banza. Allura biyu su yi ƙarya lokaci guda kuma gefe guda, laifin yana dashbod, ba ruwan tanki.

Mataki na uku: raba layin a soket ɗin tanki

Wannan shi ne gwajin da ke yanke gardama. Nemi soket ɗin da ke shiga kan fulota. A Land Cruiser 80 akwai murfi a daɓen motar a ƙarƙashin kafet ɗin baya, ka kwance shi ka ga kan tankin. A Hilux sai dai ka bi wayar ta ƙarƙashi har inda take haɗuwa a jikin shasi. A Toyota da yawa wayar sigina ruwan ɗorawa ce mai jan layi, amma motar da ta ratsa hannun riwaya biyar launi ba hujja ba ne. Idan motar mai fetur ce da famfo a cikin tanki, wayoyin famfon sun fi kauri, bar su.

Zare soket, kunna makulli. A Toyota allura za ta gangara E. Yanzu haɗa wayar siginar da ta fito daga dashbod zuwa tsaftataccen ƙarfen bodi, ƙwan fitilar nan yana tsakani. Ƙwan zai kama, ko ya riƙa ƙyaftawa a motocin da ke da mai rage wuta, allura kuma ta nufi F. Wannan ita ce hanyar da littafin gyaran kamfanin ya tanada. Yaran gareji kan manna wayar da bodi kai tsaye, kuma tana nuna abin da ake nema, amma barin ta a haka na ƙona tsohon geji mai aiki da zafi. In dole ce, da zarar allura ta fara tafiya ka ɗauke.

Allura ta tashi? To geji da wayar sigina suna da rai, matsalar tana tanki ko wayar bodinsa. Ba ta motsa ba? Matsalar tana tsakanin soket da dashbod.

Gwajin ƙwan fitila yana nuna cewa geji na motsi ne kawai, bai nuna yana faɗin gaskiya ba. Nan resistocin ke shigowa. A Land Cruiser 80 da masu irin lambobinta, sa na om 110 a madadin ƙwan ka jira, allura ta zauna a E. Sa na 33, ta zo rabi. Sa na 3.3, ta kai F. Idan ta amsa duka ukun, ka wanke dashbod, kada wani ya sake sa maka shi a lissafin kuɗi.

Mataki na huɗu: wayar bodi

A nan zan daɗe, domin nan ne ake yawan tsallakewa. Kashe makulli. Juya mita zuwa ma'aunin om mafi ƙanƙanta, ka haɗa bakunanta biyu ka ga abin da wayoyinta kansu ke ci, don ka cire shi daga lissafi. Sannan auna daga ƙafar wayar bodi ta soket, ko daga farantin fulota in ba ta da wayar bodi ta daban, zuwa nagetif ɗin batir ta doguwar wayarka. Ya kamata ka ga ƙasa da om 1.

Dubi dalilin da ya sa ƙaramar tsatsa ke yin babbar ɓarna. Daga cike zuwa rabi tazarar ba ta kai om 30 ba, daga rabi zuwa wayam kuwa ta kusa 80. Idan tsatsa ta ƙara om 10 a hanya, a saman tanki allura za ta sauka da kusan kashi ɗaya cikin shida na tankin, a ƙasa kuwa da ƙyar za a lura. Shi ya sa mai mota ke rantsuwa cewa gidan mai na cutarsa, ya cika har baki amma allura ba ta taɓa F ba.

A wasu tsofaffin motoci fulota tana samun hanyarta zuwa bodi ne ta jikin tankin kansa da ƙarafan da ke ɗaure shi. Laka, ruwan kwari, sabon fenti, ko robar da wani ya cusa don hana ƙara, duk suna yanke wannan hanya. Gwajin mai sauƙi ne: maida soket, maƙala doguwar waya daga farantin fulota zuwa nagetif ɗin batir, kunna makulli. In allura ta gyaru, ka gama. Kankare wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ja sabuwar waya ta dindindin daga ɗaya daga cikin kusoshin farantin zuwa shasi, ɗaure tamau, ka shafa giris a kai. Leƙa cikin soket ɗin ma. Kore-koren da ke kan ƙafafunsa turjiya ce, a goge shi, a ɗan matse bakunan da suka saki.

Mataki na biyar: fito da fulota

Kafin ka kwance, auna om ɗinta tana ciki, soket a zare. In ka san tanki na wajen rabi mita kuma ta nuna kusan 30, fulota na aiki a wannan tsayin. In ta nuna layi a yanke, ko lambar ta yi nisa da man da ke ciki, sai fitarwa.

Bari mai ya yi ƙasa da rabi. A mota mai fetur da injekta, zare rilen da ke ba famfon mai wuta, ka tayar da inji har ya mutu don matsin layin ya sauka. Cire kan batir. Share ƙasar da ke kewaye da farantin sosai kafin ka buɗe, ka yi alamar yadda yake fuskanta. Idan zoben murɗawa ne ke riƙe da shi, buga shi da katako ko tagulla, ba da kurfi da guduma ba, tartsatsi ɗaya ya isa. Zaro ta a hankali kana karkatawa don kada hannun ya lanƙwashe, ka rufe bakin tankin da tsumma mai tsafta.

Maƙala mita, ka ɗaga hannun daga ƙasa zuwa sama sannu a hankali. Lambar ta sauka a jere ba tsalle. Mita mai allura ta fi mai lambobi nuna wannan. Duk inda lambar ta ɓace ta dawo, faifan ya cinye ko datti ya rufe shi. Za ka lura cinyewar ta fi yawa a ƙasa, kuma ba mamaki: tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, motoci da yawa ba su sake ganin rabin tanki ba, harshen yana ta goga wuri ɗaya a kan gargada. Datti ana goge shi da abin goge fensir ko tsumma da ɗan sifirit. Samfefa ba ta taɓa faifan. Harshen da ya saki ana ɗan danna shi ya kama. Zaren da ya tsinke kuwa ba shi da gyaran da zai jure daji, a canza.

Sai fulotar kanta. Girgiza ta kusa da kunne. In ka ji ruwa a ciki, ta huje, kuma wannan ce matsalar da mita ba za ta taɓa nunawa ba: a hannu komai daidai, a tanki ta nutse. Ta tagulla ana tsoma ta cikin ruwan ɗumi, nesa da wuta, a ga inda kumfa ke fita. Ta roba ko kumfa kan jiƙe ta yi nauyi, musamman inda aka sha gurɓataccen mai. Canzawa ya fi liƙi.

Tunda baki a buɗe yake, haska ciki da tocila mai rufaffen ƙwai. Motar daji tana dukan dutse da cikinta. Tankin da ya loɓa daga ƙasa yana tare fulota kafin ta sauka, sai mota ta mutu allura na kan kwata, kuma tankin ba ya ɗaukar litar da aka rubuta masa. Hakan na faruwa kuma idan bututun numfashin tanki ya toshe da laka ko gidan zanzaro, famfo ya yi ta zuƙa har tanki ya tsotse ciki. Alamarsa iska mai ƙarfi da ke shiga idan ka buɗe murfin mai. Duba kuma ko ɗaya daga farantan da ke hana mai tambal-tambal ya ɓalle yana danne hannun.

Idan gwaji ya nuna matsalar tana gaba, wajen dashbod

Kashe makulli, zaro mitocin dashbod, ka auna wayar sigina daga soket ɗin tanki zuwa na dashbod. Ƙasa da om 1 ake so. Sannan auna tsakaninta da bodi, bakunan biyu a zare, kada a ga haɗi ko kaɗan. Wuraren da take gogewa sanannu ne: inda ta ratsa bodi, inda ta bi kan shasi kusa da salansa, da inda aka taɓa yin walda ko aka ɗaura ƙarin tanki. In waya lafiya, duba kusoshin da ke bayan gejin, domin su ne ke haɗa shi da faifan lantarkin dashbod. Sukan saki ko su yi duhu. Kwance, goge, ɗaure, ka sake gwajin resista. Sai in ya faɗi a wannan karon ne za a ce geji ya mutu.

Mai tanki biyu ya ƙara da duba makunnin da ke sauya tanki. Land Cruiser 80 mai ƙaramin tankin lita 50 bayan babban mai 95 tana da fulota biyu, kowace a gwada ta daban. In kuma wani ya sa babban tankin da ba na kamfani ba ya bar tsohuwar fulota, allura za ta zauna a F ko E na dogon zango, domin hannun bai kai zurfin tankin ba.

Sayen wata da daidaita ta

Tafi kasuwa da tsohuwar da kuma mitarka. Kamannin faranti bai isa ba. Auna om a sama da ƙasa a gaban mai shago, ka gwada tsawon hannu da lanƙwasarsa da na tsohuwar. Fulotar gama-gari da ake sayarwa da gejin ƙari yawanci 240 zuwa 33 ce, a Toyota ba za ta taɓa nuna cike ba, kuma za ta kai E da sauran mai da yawa. A ganina ta asali 'yar Kwatano da ta ci gwajin mita ta fi sabuwa marar suna.

Kafin ka rufe, haɗa soket a waje nesa da bakin tanki, tankin a rufe, maida kan batir, wani ya zauna gaban dashbod kana ɗaga hannun, ku ga E da F sun zauna. Sake cire batir, sa sabuwar roba, ɗaure kusoshi bi da bi a gicciye. Kada ka shafa gam ɗin silikon, fetur na narkar da shi ya toshe matatar famfo.

Daidaitawar gaskiya ana yin ta ne da mai. Zuƙe tankin ko ka kwance noti na ƙasa in yana da shi, a wuri mai daidai. Zuba lita 10 da jarkar da ka tabbatar da awonta, jira allura ta zauna, rubuta inda take da om ɗin da fulota ta bayar. Ci gaba goma-goma har ya cika. Abin da ake so shi ne allura ta taɓa E da sauran kamar lita 10 a ciki. In ta kai E da mai da yawa, lanƙwasa hannun kaɗan fulota ta yi ƙasa. In mai na ƙarewa allura ba ta sauka ba, lanƙwasa ta yi sama. Riƙe gindin hannun da filaya yayin lanƙwasawa don kada ƙarfin ya sauka kan faifan, kuma kaɗan-kaɗan ake yi. Rabin allura ba lallai ya zama rabin lita ba, tunda tankunan nan ba murabba'i ba ne, takardar da ka rubuta ce za ta gaya maka lita nawa kowane layi yake nufi. Manna ta a cikin akwatin dashbod.

A cikawa biyu ko uku na farko bayan gyara, mayar da ƙaramar mitar kilomita sifili a gidan mai, ka gwada litar da ta shiga da abin da takardar ta ce ya rage. In ka sa tayoyin da suka fi na kamfani girma, mitar tana ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi, sai ka gwada ta da GPS na waya a kan kilomita 50 ka san bambancin kafin ka gina lissafin man daji a kanta.